Kafin Ka Sauya Furosesar Laftof Ɗinka, Duba Ko Za Ta Ciru

Duk wanda laftof ɗinsa ta fara nauyi, wannan tunanin yakan zo masa: tunda furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, me zai hana a ciro tsohuwar a sa wadda ta fi ta ƙarfi? A kwamfutar tebur tunanin yana kan hanya, kuma aiki ne mai sauƙi. A laftof kuwa, amsar ga yawancin mutane a'a ce, kuma tun kafin a zo maganar kuɗi. Furosesar ce ba ta ciruwa.

Hanya biyu ake bi wajen ɗora furosesa a kan madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a jikinsa. Ta farko ita ake kira PGA. Ƙasan furosesar cike yake da ɗaruruwan siraran ƙafafu kamar allurai, suna shiga ramukan wani farin soket, sai a murɗa sukuru guda ɗaya ya kulle su. Wannan tana fita, wata ta shiga. Ta biyu ita ce BGA, inda babu ƙafafu babu soket. Ƙananan ƙwallayen dalma ne a jere a ƙasanta, a masana'anta aka narkar da su aka manne ta da allon. Lambar da ke jikin sunan ma adadin ƙwallayen take nunawa: BGA1168 na nufin ƙwallo 1168, kowanne bai kai kan allura girma ba.

A ɓangaren Intel, soket na laftof ya rayu har zubi na huɗu na jerin Core i3, i5 da i7. Zubi na farko, na 2009 da 2010, ya yi amfani da Socket G1. Zubi na biyu na 2011 da na uku na 2012 sun yi tarayya a Socket G2. Zubi na huɗu, wanda ake kira Haswell, ya fito a 2013 da Socket G3, kuma daga shi aka rufe ƙofa. Tun daga zubi na biyar, furosesar laftof ta Intel a manne take. AMD ma haka: bayan soket FS1 da FS1r2 na jerin A6, A8 da A10 na wajajen 2011 zuwa 2013, ta koma mannewa, kuma duk Ryzen na laftof a manne suke. Kwamfutocin Apple masu furosesar M1 da waɗanda suka biyo bayanta tun 2020, ba furosesa kaɗai ba, har RAM ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a jiki ɗaya aka haɗa su. Akwai 'yan tsirarun manyan laftof na wasanni da aka sa wa furosesar kwamfutar tebur, irin Alienware Area-51m ta 2019, amma wanda ke da irin wannan ya riga ya san abin da ya saya.

Harafin ƙarshen sunan furosesa yana ba da haske. Idan ka ga U, ko Y, ko H, ko HQ, a manne take, magana ta ƙare. Idan M ce, ko QM, ko MQ, ko XM, ko MX, akwai sa rai. Dubi yadda harafi ɗaya ke raba su: i7-4700MQ tana da ƙafafu, i7-4700HQ kuma a manne take, alhali ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Sai dai kada ka tsaya ga harafin, domin wasu masu M an yi su iri biyu. i5-3320M, alal misali, akwai ta soket akwai ta manne. Abin da zai raba gardama shi ne ka sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce, ka duba layin da aka rubuta Package. In ka ga rPGA a wurin, tana ciruwa. In ka ga BGA, ba ta ciruwa.

Za ka ji ana cewa ai masu gyara suna iya ɗaga ta manne su dasa wata. Gaskiya ne, da injin da ke dumama allon sama da ƙasa har dalmar ta narke, kuma dalma marar gubar da ake amfani da ita yanzu sai zafi ya kai wajen digiri 217 take narkewa. A wannan zafin allon na iya lanƙwashewa, ƙananan sassan da ke kewaye na iya gocewa, kuma ƙwallo ɗaya cikin dubu da wani abu ya ƙi kamawa, na'urar ba za ta tashi ba, ko ta tashi yau ta mutu bayan wata biyu. Wannan aiki ne na ceto allon da ya riga ya mutu. Kai lafiyayyar kwamfuta a yi mata shi don neman ƙarin gudu, a ganina, ganganci ne. Wanda tasa a manne take kuma ya matsu, hanyar da ta fi aminci ita ce sauya madabod ɗin gaba ɗaya da na samfurin nan dai wanda ya zo da furosesa mafi ƙarfi. Kamfanin Framework ma a kan wannan tsarin ya gina laftof ɗinsa tun 2021. Amma ga sauran kamfanoni, kuɗin allon yakan kusa kuɗin wata kwamfutar.

Yanzu a ce taka tana da soket. Kafin ka nemi wata furosesar, ka tabbatar ita ce mai laifin, domin sau da yawa ba ita ba ce.

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka bar shi a buɗe, ka ci gaba da aikin da ke sa kwamfutar nauyi. Abu uku za ka sa wa ido. Idan Disk ne ke tsaye a kashi 100 alhali CPU, wato furosesar, na yawo a kashi 20 ko 30, furosesar zaman jira take yi, faifan ajiya ne ya riƙe ta. Tsohon faifai mai juyawa sau 5400 a minti yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa idan fayil ɗin babba ne a wuri ɗaya, kuma duk lokacin da zai nemo wani ɗan ƙaramin fayil sai hannun karatunsa ya yi tafiya a kan faifan. SSD, wato faifan ajiya na zamani da ba ya juyawa, mai mahaɗin SATA yana kai wa megabait 500 da 'yan kai, kuma ba shi da abin da ke motsi, don haka ƙananan fayiloli dubbai da Windows ke buɗewa yayin tashi ba sa ba shi wahala. Babu wata furosesa da za ka saka a tsohuwar laftof ta ba ka bambancin da SSD zai ba ka a aikin yau da kullum. Wanda har yanzu ke kan faifai mai juyawa kuma yake neman i7, ya bar jaki yana dukan taiki.

Idan Memory ce ke sama da kashi 85 ko 90, RAM ta cika, kwamfutar ta koma ajiye abin da ya yi saura a kan faifai, wanda ya fi RAM nauyin jiki nesa ba kusa ba. Gigabait 4 ba ya isar burauzar zamani da shafuka goma a buɗe. Laftof na zubi na uku da na huɗu masu rami biyu yawanci suna ɗaukar gigabait 8 a kowane rami, 16 ke nan jimilla. A kula, zubi na huɗu DDR3L yake so, mai aiki da bolt 1.35, ba DDR3 mai 1.5 ba, duk da cewa siffarsu ɗaya kuma duka suna shiga ramin. Sannan sanda biyu masu girma ɗaya sun fi sanda ɗaya babba, saboda furosesar na ɗibar bayanai ta hanya biyu lokaci guda, kuma sashen hoto da ke cikinta yana jin daɗin hakan sosai.

Na uku shi ne zafi, kuma shi aka fi mantawa da shi. Dubi inda aka rubuta Speed a ƙarƙashin CPU. Idan furosesar da ya kamata ta yi gudun 2.6 GHz tana faɗowa ƙasa da haka da zarar aiki ya yi nauyi, sauke HWiNFO ka duba zafinta. In yana taɓa digiri 95 zuwa 100, da gangan take rage gudu don kada ta ƙone. Buɗe bayan kwamfutar, ciro fankar, ka duba tsakaninta da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita. Sau da yawa za ka tarar da ƙura ta dunƙule a wurin kamar auduga, ta toshe hanyar baki ɗaya, daga waje kuma ba a ganinta. Man sanyayan da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗauke zafinta shi ma bayan shekaru yakan bushe ya farfashe kamar busasshen laka. Share ƙurar da sabunta man kaɗai na iya dawo da gudun da kake shirin saye da kuɗi. Idan kuwa gudun ya maƙale a 0.79 GHz ko da na'urar a sanyaye take, zargi caja ko batir. Wasu laftof idan ba su gane cajar da aka sa musu ba, sai su danne furosesar zuwa ƙasa.

Sai wanda ya ga CPU a kashi 90 zuwa 100 na tsawon lokaci, faifansa SSD ne, RAM ɗinsa da sarari, zafi kuma daidai, shi ne yake da hujjar ci gaba da wannan magana.

Shi ma akwai shingaye a gabansa. Soket ya zama iri ɗaya sak. G1 da G2 duka ƙafafu 988 ne, amma jerinsu ya bambanta, ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Bayan soket sai cifset, wato guntun da ke kula da hulɗar furosesa da sauran sassa, kuma CPU-Z na nuna shi a shafin Mainboard. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Laftof masu araha na zamanin 2012 da 2013 da suka zo da Celeron ko Pentium, da yawansu cifset HM70 ne a cikinsu. Ka sa mata i5, za ta tashi lafiya lau, Windows ya buɗe, ka yi murna, bayan minti 30 cif ta mutu ɗif. Ka kunna ta, ta sake yin minti 30 ta mutu. Ba zafi ba ne, ba kuma kuskuren ɗaurawa ba ne. An ƙera cifset ɗin ne don ya ƙi furosesar da ta wuce ajinsa. HM76, HM77 da QM77 ba su da wannan matsalar. Haka nan allon zubi na biyu mai HM65 ko QM67, duk da soket ɗinsa ɗaya da na zubi na uku, galibi ba ya tashi da furosesar zubi na uku, domin BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin allon mai tayar da kwamfuta, bai san ta ba. Ka'idar da ba ta cika ba da kunya ba ita ce: nemi littafin gyara na samfurin kwamfutarka, ka ga jerin furosesocin da kamfanin ya taɓa sayar da ita da su, ka zaɓa daga ciki.

Shinge na gaba shi ne zafi da wuta, abin da ake rubutawa TDP, da awon wat. Wannan ne ya fi cancantar a tsaya a kai. Furosesa masu cibiya biyu (cibiya ita ce core, kowace ƙaramar ƙwaƙwalwa mai aiki da kanta a cikin furosesa) na zubi na biyu da na uku wat 35 ne, na zubi na huɗu 37. Masu cibiya huɗu yawanci 45 ne, a zubi na huɗu 47, masu XM da MX kuma 55 zuwa 57. Bututun jan ƙarfe da fankar da ke cikin laftof ɗinka an auna su ne da furosesar da ta zo da ita. Ka ɗora mai wat 45 a kan abin sanyayan da aka yi wa 35, za ta yi gudu na minti ɗaya ko biyu, zafi ya kai maƙura, ta rage gudu, fanka na ihu ba tsayawa, batir na ƙarewa da wuri, ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa kuma ba ka samunsa cikakke. Sassan da ke ba furosesar wuta a kan allon su ma suna ɗaukar nauyin da ba a shirya musu ba. Cajar wat 65 na iya gazawa, sai an koma ta 90.

Mafita tana nan, kuma ita ce zaɓin da na fi yarda da shi. Intel ta yi wasu masu cibiya huɗu da ba su da yawan zafi: i7-3612QM da i7-3632QM wat 35 ne, i7-4702MQ da i7-4712MQ kuma 37. Wanda ke da ThinkPad T430 mai i5-3320M, i7-3632QM za ta ninka masa cibiyoyi daga biyu zuwa huɗu ba tare da ƙarin nauyi a kan abin sanyaya ba. ThinkPad T440p ma ta yi suna a wannan fanni, domin murfin ƙasanta kawai ake cirewa a isa ga soket. Ana neman waɗannan ƙananan-zafin sosai, saboda haka sukan fi 'yan'uwansu masu wat 45 tsada a hannu na biyu.

To me ake samu? Nan ma sunan i7 yana ruɗar mutane. i5-3320M cibiya biyu ce, gudunta 2.6 GHz, tana hawa zuwa 3.3. i7-3520M ita ma cibiya biyu ce, 2.9 zuwa 3.6. Bambancin wajen kashi ɗaya cikin goma ne, abin da ba za ka ji a jikinka ba. Wannan sauyin ɓarnar kuɗi ne. Sauyi iri biyu ne kawai suke biyan wahalarsu: daga Celeron ko Pentium zuwa i5, idan cifset ya yarda, da kuma daga cibiya biyu zuwa huɗu. Na biyun ma ya dogara da irin aikinka. Mai tace bidiyo, mai haɗa manhaja, mai tafiyar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta, mai haɗa sauti da layuka da yawa, waɗannan aikinsu yana rarrabuwa a kan cibiyoyi, kuma lokacin jiransu na iya raguwa sosai. Mai rubutu a Word da duba saƙonni ba zai ga komai ba. Hasali ma i7-3632QM tana farawa ne daga 2.2 GHz ta tsaya a 3.2, don haka a aikin da cibiya ɗaya ke yi, ba ta fi i5 ɗin da aka cire ba. Mai wasanni kuma ya sani cewa katin hoton laftof galibi a manne yake, kuma yawanci shi ne ke riƙe wasan.

Akwai kuma abin da babu furosesar soket da za ta warware shi. Windows 11 a hukumance tana buƙatar Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Soket kuwa a zubi na huɗu ya tsaya. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wato kusan duk laftof ɗin da za a iya sauya wa furosesa, ta riga ta faɗa wajen layin. Ga mai amfani da Linux wannan ba damuwa ba ce, na'urar za ta yi masa shekaru. Ga wanda aikinsa ya ɗaure shi da Windows, ya yi lissafi da kyau: ya haɗa kuɗin furosesa, da man sanyaya, da caja in ta kama, da ladan mai gyara, ya kwatanta da kuɗin laftof hannu na biyu mai i5-8250U ko i5-8350U. Waɗannan cibiya huɗu gare su a kan wat 15 kacal, suna buɗe bidiyon zamani irin HEVC da VP9 da sashe na musamman maimakon gumin furosesa, kuma batirinsu ya fi daɗewa. Sau da yawa lissafin can yake karkata.

Wanda ya auna duk wannan ya ga har yanzu ya fi masa, to ya kula wajen saye. Ya nemi hoton ƙasan furosesar ya ga ƙafafun a miƙe suke, babu wadda ta karye. Ya duba lambar da ke jikinta: ta kasuwa tana farawa da SR, ko SL a zubi na farko, wadda ta fara da Q ko aka rubuta mata Intel Confidential kuwa samfurin gwaji ce, tana iya ƙin tashi ko ta riƙa kawo matsala.

Aikin kansa ba shi da tsawo, amma yana son natsuwa. Fara sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar na ciki, domin in sabuwar ta ƙi tashi ba za ka samu damar yi ba. Kashe kwamfutar, cire caja da batir, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wuta ta fita. Taɓa wani ƙarfe kafin ka taɓa allon. Ɗauki hoto a kowane mataki, ka jera sukurori yadda ka ciro su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana iya huda allo. Zare wayar fanka ta hanyar riƙe kan filogin, kada ka ja wayar. Sukurorin ƙarfen sanyaya suna da lamba 1 zuwa 4 a gefensu. Kwance su daga 4 zuwa 1, kaɗan-kaɗan. In ƙarfen ya manne, ɗan murɗa shi hagu da dama har ya saki, kada ka finciko, kuma kada ka riƙe shi ta bututun, yana lanƙwashewa.

A gefen soket akwai sukuru mai tsaga ɗaya da alamar kwaɗo a buɗe da a rufe. Juya shi rabin zagaye zuwa buɗe, za ka ga saman soket ɗin ya ɗan zame. Ɗaga furosesar tsaye. A kusurwa ɗaya ta sabuwar akwai ɗan alwatika mai ruwan zinari, ka daidaita shi da alamar da ke kan soket, ka sake ta. Da nauyinta za ta zauna. In ba ta zauna ba, ɗaga ka sake dubawa, kada ka danna ko kaɗan, domin dannawar ce ke lanƙwasa ƙafafu. Mayar da sukurun zuwa rufe har ya tsaya. Wanda ya manta wannan matakin zai kunna ya ga fanka na juyawa, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin.

Goge tsohon man daga jikin ƙarfen da barasar goge kayan lantarki mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, da ƙyalle marar gashi. Furosesar laftof ba ta da murfin ƙarfe irin ta tebur. Wancan ɗan murabba'in mai ƙyalli kamar madubi shi ne ainihin guntun, tsirara, kuma gefensa na iya ɓalgacewa. Ɗiga man kamar girman kan ashana, ka shimfiɗa shi siriri ya rufe fuskar duka, har kusurwoyi. In akwai guntun hoto a ƙarƙashin ƙarfen nan, shi ma a sabunta masa, a kuma mayar da 'yan laushin faci-facin da ke kan wasu sassa yadda suke. Ɗora ƙarfen a miƙe sau ɗaya, ɗaure daga 1 zuwa 4, rabin juyi kowanne, ka zagayo har su ƙulle. Ɗaure gefe ɗaya gaba ɗaya kafin sauran shi ke fasa guntun. Mayar da wayar fanka.

Tashin farko na iya ɗaukar lokaci, har ta kashe kanta ta sake tashi sau ɗaya ko biyu. Shiga BIOS ka ga ya karanta sunan sabuwar. A cikin Windows, buɗe HWiNFO a gefe, ka ba ta aiki mai nauyi da manhajar gwaji ta Cinebench ko tace wani dogon bidiyo, ka bar ta ta haura minti 40 don ka wuce iyakar nan ta minti 30. Zafi tsakanin digiri 75 da 85 a ƙarƙashin cikakken nauyi abin karɓa ne. Idan ya haura 95 cikin 'yan daƙiƙu, ko cibiya ɗaya ta fi sauran zafi da digiri 15 ko fiye, ƙarfen bai zauna daidai ba, sai a kwance a sake shafa man. Tsohuwar furosesar kuma a nannaɗe ta a ledar kariya, ƙafafunta a cikin soso, a adana ta har sabuwar ta yi 'yan makonni tana aiki ba tangarɗa.